Kiwon 'ya'yan kifin Firemouth: ƙaramin famfon USB ya fi na'urori masu tsada amfani

Firemouth kifin ado ne da ya fito daga kogunan yankin Yukatan na Meziko da Beliz da Gwatamala. Namijin kan kai santimita 15, kuma idan ya fusata sai ya kumbura maƙogwaronsa ja wur don tsorata abokin gaba.

Hayayyafarsa ba ta da wuya. Ana zuba ƙanana shida a tankin gilashi mai cin lita 120, a bar su su zaɓi juna. Da zarar biyu sun ware suna korar saura, sai a kwashe sauran. Macen takan zuba ɗaruruwan ƙwai a kan dutse mai faɗi, a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 28. Cikin kamar kwana uku su ƙyanƙyashe, iyayen su kwashe su da baki zuwa ramin da suka tona a yashi. Bayan kwana huɗu ko biyar sai su fara iyo.

A nan ne ake tafka asara, kuma yawanci na'ura ce sila. Matatar ruwa mai ƙarfin injin takan zuƙe 'ya'yan, don ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Abin da ya dace shi ne matatar soso, wadda famfon iska ke sarrafawa. Ba ta zuƙe su, har tsintar abinci suke yi a jikinta.

Sai maganar ɗauke wuta. Famfo na tsayawa, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa ta fara raguwa, ƙwayoyin halittar da ke cikin soso suna tsabtace ruwan su ma su fara galabaita. Abin ya fi muni a lokacin bazara, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Ƙaramin famfon iska mai aiki da USB wutar da yake ci kaɗan ce, fawa bankin cajin waya kan riƙe shi sa'o'i masu yawa. A gwada tukuna, domin wasu fawa bankin kan kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Soket mai Wi-Fi kuwa burgewa ce kawai, wuta na tafiya ya tafi da ita.

Hita mai daidaita kanta sai lokacin hunturu ake buƙatarta. Abincin farko shi ne jariran artemiya, waɗanda ƙwansu ke ƙyanƙyashewa a ruwan gishiri cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ana ba su kaɗan-kaɗan sau uku a rana, a riƙa sauya ɗan ruwan tankin da wanda babu kulorin a ciki.