Ko Kun Sani? Jirgin Comet da Kusurwar Taga

Jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya shi ne Comet, ƙirar kamfanin de Havilland na Ingila, wanda ya fara jigila a watan Mayun 1952 daga Landan zuwa Johannesburg. A 1954 biyu daga cikin jiragen Comet suka tarwatse a sararin sama kusa da Italiya, mutum 56 suka rasu, abin tausayi. Masu bincike a Farnborough suka nutsa gangar jikin wani jirgin Comet a ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna sassautawa sau fiye da dubu, har ƙarfen ya gaji ya tsage daga kusurwar taga. Da aka sake ƙirar jirgin, sai aka mayar da tagoginsa masu zagaye, aka kuma ƙara wa jikinsa kauri.