Ɗiban Hannu da Ƙididdigar Jama'a

Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san ba a zazzage buhu don a ga yawan tsakuwar da ke ciki. Hannu akan zura a ɗebo. Amma in aka sake zurawa, da wuya ɗiba na biyu ya yi daidai da na farko. Wannan saɓani shi masana ƙididdiga suke aunawa.

Alal misali, a ce rabin mutanen wani gari suna bayan wani ɗan takara. In aka tsamo mutum 100 bisa sa'a aka tambaye su, sau 19 cikin 20 amsar za ta faɗo tsakanin kashi 40 da kashi 60 cikin ɗari. In mutum 400 ne, tsakanin 45 da 55. Watau kafin saɓanin ya ragu da rabi, sai an riɓanya waɗanda aka tambaya sau huɗu. Girman garin kuwa, Kano ne ko Kazaure, kusan bai canja kome ba, abin da mutane da yawa sukan ƙi yarda da shi.

Sai dai fa lissafin yana da sharaɗi: a cakuɗa buhun tukuna. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai ka da Roosevelt. Ashe galibin sunayen daga littattafan tarho da rajistar motoci ta samo su, watau daga saman buhu. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48.