Tsohuwar kwamfuta ko akwatin kamfani: wa ya fi shan wuta?

Masu ɗaukar hoton biki da masu haɗa bidiyo sukan kai lokacin da faifan kwamfuta ɗaya ba ya ɗaukar kayansu. Daga nan sai maganar kafa rumbun ajiya, wato NAS, na'urar da ke kunne dare da rana, kowa a shagon yana ɗebo fayil daga cikinta. Ko dai a sayi haɗaɗɗe daga kamfani irin Synology ko QNAP, ko kuma a kakkaɓe tsohuwar kwamfutar tebur, a cusa mata faifai, a ɗora mata manhajar kyauta irin TrueNAS.

Ta biyun ta fi arha ranar farko, amma mita ba ta san kyauta ba. Shekara awa 8,760 ce, don haka duk wat ɗaya da na'ura ke sha babu ƙaƙƙautawa ya zama yunit 8.76. Synology ya ce ƙaramin akwatinsa mai faifai biyu, DS220+, yana shan kusan wat 15 in yana aiki, ƙasa da wat 5 in fayafayan sun yi barci. Tsohuwar kwamfuta kuwa tana iya lashe wat 60 tana zaune ba ta tsinana komai. Tazarar wat 45 ɗin nan kusan yunit 394 ce a shekara. Ga wanda ke rukunin kuɗin wuta na Band A a Najeriya, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, wajen naira 80,000 ke nan. Mai sola ma ya fi ji a jikinsa: wat 60 na awa 12 na dare zai cinye kashi 30 cikin 100 na batirin 200Ah mai bolt 12.

A ganina, ba haɗawa da hannu ba ce matsalar, tsofaffin kaya ne. Akwatin ba da wuta mai wat 500 ɓarna yake yi idan wat 30 kacal ake ja daga gare shi, ga katin bidiyo da fankoki suna ta ci ba gaira ba dalili. Wanda ya haɗa nasa da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel N100, wadda ta fito a 2023 da ma'aunin wat 6, zai iya kamo na kamfani, ya kuma sami damar ƙara abin da yake so.

Fayafayan kansu ba ruwansu da wanda ya ƙera akwatin. Kowane babba mai inci 3.5 yakan sha wat 4 zuwa 8 muddin yana juyawa, shi ya sa manya biyu suka fi ƙanana shida sauƙin ciyarwa.