3.2 Ƙididdigar Sana'o'i Marasa Rajista: Misali Daga Gyadi-Gyadi da Tarauni

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, galibin mazauna Ƙaramar Hukumar Tarauni ba da albashin wata suke riƙe gidajensu ba. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 221,367. Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi zuwa tashar Unguwa Uku zai ga inda abincin mafi yawansu yake fitowa, wato wurin masu faci da masu shayi da teloli da kanikawa da 'yan tebur da 'yan ga-ruwa da direbobin a-daidaita-sahu. A wannan sashe za a yi bayanin yadda masana ƙididdiga suke shigar da irin waɗannan mutane cikin lissafin ƙasa, da kuma wuraren da lissafin yake yin tuntuɓe.

3.2.1 Asalin Batun da Ma'anarsa

Masani Keith Hart shi ne ya fito da wannan batu fili, a wata maƙala da ya buga a 1973 bayan binciken da ya yi a unguwar Nima ta birnin Ankara a ƙasar Gana. Ya lura cewa baƙin da hukuma take lissafawa a matsayin marasa aiki suna da hanyoyin samun kuɗi iri-iri waɗanda babu su a kowane kundi. Haka kuma rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a kan ƙasar Kenya a 1972 ya taimaka wajen yaɗa batun. Amma sai a 1993 babban taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya karo na 15 ya tsayar da ma'anar da za a iya yin awo da ita. Wannan ma'ana ta dubi ita kanta sana'ar: shin tana da rajista, shin ana ajiye cikakken lissafinta a rubuce, kuma shin an raba dukiyarta da ta mai ita?

Bayan shekara goma, a 2003, taro na 17 ya ga cewa wannan bai wadatar ba, sai ya ƙara ma'ana ta biyu wadda ta dubi matsayin ma'aikacin. A nan abin tambaya shi ne ko ana biya masa kuɗin fansho, ko yana da hutun shekara da na rashin lafiya tare da biya. An sake sabunta waɗannan ƙa'idoji a taro na 21 a 2023. A wannan kundi an kira ta farko "sana'a marar rajista", ta biyu kuma "aiki marar kariya". An guji kalmar "bayan fage" saboda a kunnen Bahaushe tana kawo tunanin fasa-ƙwauri, alhali kuwa mai shayi a bainar jama'a yake kafa teburinsa.

Bambancin ma'anonin biyu zai fito idan aka ɗauki misali. Shagon sayar da magani a kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana iya kasancewa da cikakkiyar rajista, amma maigadinsa da yaron shagon an ɗauke su ne da baki, ana sallamarsu da baki. A ma'ana ta farko suna cikin sana'a mai rajista, a ta biyu kuwa aikinsu marar kariya ne. Ita ma kalmar rajista tana da rikitarwa. Direban a-daidaita-sahu yana ɗauke da lambar Hukumar KAROTA, kuma yana biyan kuɗaɗen da aka ɗora masa, to amma wannan izinin hawa titi ne. Rajistar da ake nufi ita ce irin ta Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wadda ƙananan masu sana'a ba kasafai suke yin ta ba.

3.2.2 Abin da Alƙaluman Nijeriya Suka Nuna

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ta gaji tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya, ita ce mai alhakin wannan aiki. Hanyarta ita ce zaɓen wasu gidaje a kowace jiha, a aika ma'aikata su yi wa mutanen gidan tambayoyi, sannan a ƙiyasta na sauran jama'a daga amsoshinsu.

A tsohon tsarin hukumar, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne, wanda ya yi tsakanin awa 20 da 39 kuma aikinsa bai ishe shi ba. Da wannan ma'auni aka sami kashi 33.3 cikin ɗari na marasa aiki a rubu'in ƙarshe na 2020. A watan Agusta na 2023 hukumar ta fito da sabon tsari wanda ya bi ƙa'idar duniya: wanda ya yi aikin awa ɗaya tak domin lada ko riba a cikin kwana bakwai da suka wuce, mai aiki ne. Nan take adadin marasa aiki ya koma kashi 4.1 cikin ɗari a rubu'in farko na 2023. Jama'a da dama sun yi suka, suna cewa an kawar da zaman banza ne da alƙalami.

Sukar tana da dalili, amma ta bar wani adadi da yake cikin rahoton. Rahoton ya nuna cewa kashi 92.6 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar suna cikin aiki marar kariya. Wannan adadi shi ne ya fi bayyana halin da Tarauni take ciki. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisin kwabo, talaka ba shi da halin zama mako guda cur bai taɓa komai ba. Matashin da ya gama digiri, ya tsaya a kasuwar waya ta Farm Centre yana haɗa mai saye da mai sayarwa domin ya sami la'ada, a lissafi mai aiki ne, ko da kuwa abin da ya samu bai wuce kuɗin mota ba. Saboda haka karanta kashi 4.1 ba tare da kashi 92.6 ba kuskure ne babba.

3.2.3 Matsalolin Tambaya a Cikin Unguwa

Matsala ta farko ta harshe ce. A Hausar yau da kullum, idan aka ce wane "ya sami aiki", abin da ake fahimta shi ne aikin gwamnati ko na kamfani. Telan da yake kan keke tun safe har dare, idan aka tambaye shi ko yana da aiki, yana iya cewa, "Wallahi babu, sai 'yan buge-buge." Da a ce an tambaye shi sana'arsa, da amsar ta sauya. Wato ke nan kalma ɗaya a bakin mai tambaya tana iya ɗauke mutum daga wannan rukuni ta jefa shi wancan. Wannan ne ya sa ƙwararru suke son a tambayi abin da mutum ya aikata a makon, kamar sayar da wani abu ko ɗinki ko dako ko taya wani tsaron shago, a bar shi kansa lissafin ya yanke hukunci.

Matsala ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce ta matan aure. Polly Hill (1969) ta yi rubutu a kan cinikin da yake gudana a ɓoye cikin gidajen Hausawa, Enid Schildkrout kuma ta nuna, daga binciken da ta yi a birnin Kano a shekarun 1970, cewa yara 'yan talla su ne ƙafafun matan kulle a wannan ciniki. Har yanzu a lungunan Gyadi-Gyadi da Darmanawa akwai gidajen da ake soya ƙosai da awara, ake ƙulla zoɓo, ake kitso da ɗinkin hula da sayar da atamfa bashi. Sai dai mai tambaya, musamman idan namiji ne, a ƙofar gida ko soro yake tsayawa, maigida ne yake amsawa a madadin kowa. Amsar da aka saba ji ita ce, "Matar aure ce, ba ta aiki." Wani maigidan ma bai san yawan jarin matarsa ba, domin a al'ada kuɗin sana'arta da adashinta nata ne. Yarinyar da take kai tallan kuwa, idan ba ta kai shekara 15 ba, ba ta cikin waɗanda ake lissafawa. Ta haka sana'a guda mai ciyar da gida takan fita daga lissafi ta ɓangare biyu.

Har ila yau akwai 'yan ci-rani. Bayan an kawar da amfanin gona sukan shigo Kano su yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, su kwana a shago ko a tasha ko a kangon da suke gadi. Binciken da aka gina a kan jerin gidaje da wuya ya riske su a Tarauni, a ƙauyensu kuma ba sa nan. Sabon tsarin hukumar na tattara bayanai a duk tsawon shekara ya rage matsalar bambancin rani da damina, amma bai kai mai tambaya tashar Unguwa Uku da dare ba.

Daga ƙarshe akwai tsoron haraji. Mai shago da ya ga baƙo da takarda ko na'ura yana tambayar cinikinsa, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne masu karɓar kuɗin shiga, don haka sai ya rage. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana bayyana amsar da mutum ya bayar, amma masu sana'a kaɗan ne suka san da haka. Shi ya sa akan bi ta hannun mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa kafin a fara tambaya, kuma a gidajen da ake kulle mace ce kaɗai take iya wuce soro ta ji daga bakin masu sana'ar.