Dama da Hagu a Bakin Injin Huda: Daga Shagon Makaniki zuwa Kududdufin Birnin Zazzau

Duk wanda ya ratsa birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, zai ga yadda rayuwar jama'a ta rataya a kan ƙananan injuna: janareta, injin niƙa, injin ban ruwa na masu lambu a bakin Galma, babur da keke. Noti ne ke riƙe da kowannensu. Ranar da tsatsa ta ci noti, aka ja shi da sifana, kansa ya ɓalle, gindinsa ya maƙale a rami, to ranar nan sana'ar mai injin ta tsaya. Sau da yawa akan ɗauko guduma da kurfi a dinga duka har a ɓata ramin, ƙaramin gyara ya koma sayen sabon kan inji. Akwai wani ƙarfe, bai fi tsawon yatsa ba, da ke iya hana wannan asara, wato bahagon bakin injin huda.

Yadda ake gane shi

Bakin huda irin wanda muka saba gani, mai tsagi biyu a murɗe, wani Ba'amurke ne mai suna Stephen Morse ya sami rajistar ƙirƙiro shi a 1863. Tsininsa ne ke yanka, tsagin kuma shi ke fitar da ɓarɓashi waje. Ka tsai da shi a gaban idonka. In ka ga tsagin yana hawa zuwa dama, bakin dama ne. In yana hawa zuwa hagu, bahago ne. Ko ka kifa shi kai ƙasa, hawan ba zai sauya ba. Bakin dama yana yanka ne idan ya juya yadda hannun agogo ke tafiya, ga wanda ke riƙe da injin. Bahagon kuwa sai ya juya akasin haka, wato yadda alhazai ke kewaya Ka'aba wajen ɗawafi.

Me ya sa dama ta rinjaya? Ilmin halittu na da abin cewa a nan. Kusan mutum 9 cikin 10 da hannun dama suke aiki, kuma damtsen ɗan Adam ya fi ƙarfi idan yana juya tafin hannu sama fiye da idan yana kifa shi. Ga mai aiki da dama, juya tafi sama shi ne bin hannun agogo. Masana da yawa na ganin wannan ne ya sa aka saba yanka zaren barima da na noti yadda za a ɗaure su ta dama, bakin huda kuma ya bi sahu.

Amfanin bahago

Noti na yau da kullum ta hagu ake kwance shi. Idan aka huda guntun da ya karye da bakin dama, ƙarfin juyin yana ƙara cusa shi ciki. Bahagon baki kuwa yana yanka yana tura guntun ta hanyar fita. Zafi da girgizar hudar suna sassauta tsatsa, ramin da aka yi a tsakiya yana rage matsewar ƙarfen, sau da yawa sai tsinin ya cafki guntun ya murɗo shi waje tun ba a gama huda ba. In bai fito ba, ba a yi asara ba, domin an sami ramin da za a sa ƙarfen ciro noti.

Ga ƙa'idojin aikin. A zuba man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci ya shiga. A buga alama daidai tsakiyar guntun da ƙarfe mai tsini, don kada bakin ya zame ya ci zaren ramin. A zaɓi bakin da bai kai kaurin notin ba: ga noti mai kaurin milimita 8, baki mai milimita 4 ko 5 ya isa. A mai da injin kan juyin baya, a matse bakin sosai, a tafi a hankali ana ɗiga mai. A sa tabarau, domin ɓarɓashin ƙarfe na iya tsiyayar da ido. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

Mutane da yawa suna zaton in aka juya injin baya, bakin dama zai zama bahago. Ba haka ba ne. Zai dinga goga da bayan kaifinsa, ya yi zafi, ya dakushe. Saboda haka mai ƙananan gyare-gyare a gida ya sayi bakunan dama don huda katako da ƙarfe, ya ajiye bahagwai biyu ko uku don ranar da noti ya karye. In injinsa ba ya juyin baya, bahagon baki ba shi da amfani gare shi.

A kuma bincika zaren kafin a soma, domin akwai notunan da aka yi su bahagwai da gangan. Fedar keke ta hagu haka take, don kada tuƙi ya kwance ta. Murfin da ke riƙe fiffiken fankar tsaye ma yawanci haka yake. A wajen masu walda, mahaɗin iskar da ke ci da wuta bahago ne, ana yi masa tsaga a kusurwoyi, don kada a haɗa shi da tukunyar oksijin. Irin waɗannan in sun karye, bakin dama ne zai fito da su.

Darasi ga ajin ilmin halittu

Wannan bambanci ya girmi maƙera. A 1848 Louis Pasteur na Faransa ya gano cewa wani sinadari da ake samu daga inabi yana da siffa biyu, kowace tamkar hoton ɗaya a madubi. Sinadarin gado na DNA, wanda Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953, a murɗe yake ta dama, kamar bakin huda na yau da kullum.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin kududdufan birni, waɗanda aka bari bayan haƙar ƙasar gini. Ka riƙe katantanwa, tsininta sama, bakinta na fuskantarka. Mafi yawan dodon koɗi a duniya bakinsu a dama yake. Amma Bulinus, wanda ke rainon tsutsar da ke jawo tsargiya, wato fitsarin jini, bakinsa a hagu yake. Lymnaea kuma, mai rainon tsutsar ciwon hanta ta shanu da tumaki, nasa a dama yake. Ba kowane bahagon dodon koɗi ne ke ɗauke da cuta ba, amma wannan ce alama ta farko da mai bincike ke dubawa.

Muna ba malamai shawara su kawo bakin huda, noti, fedar keke da busassun katantanwa cikin aji, su sa ɗalibai su rarrabe dama da hagu, sa'an nan su duba kowanne a madubi. Sai dai kada a tura yaro ya tsoma hannu ko ƙafa a kududdufi don neman katantanwa, domin tsutsar tsargiya ta fata take shiga. Malami ya ɗebo da ludayi mai dogon hannu, sanye da safar roba. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuwa a kai shi asibiti, domin cutar tana da magani.