Sa'a Ko Gwaninta? Kimiyyar Da Ke Cikin Wasan Finbol

A shekarar 1976 an yi wani zama a majalisar birnin Niyok ta ƙasar Amurka wanda ba a saba ganin irinsa ba. An shigo da akwatunan wasa guda biyu aka girke gaban 'yan majalisa, sannan aka kira wani matashin marubuci mai suna Roger Sharpe ya ba da shaida. Shekara 34 ke nan da haramta wasan finbol a birnin, bisa hujjar cewa caca ne tsagwaronta. Abin da ake so a tantance shi ne: mai wasan yana da iko a kan inda ƙwallo za ta nufa, ko kuwa sa'a ce kawai ke juya ta? Tambayar ta shari'a ce, amma amsarta tana hannun kimiyya.

Yadda ake wasan

Akwatin finbol teburi ne mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi. Filin wasan da ke ƙarƙashin gilashin ya ɗan haura mita ɗaya a tsawo, faɗinsa kuwa kusan rabin mita, kuma ya gangaro zuwa wajen mai wasa. Ƙwallon ta ƙarfe ce, kaurinta milimita 27, nauyinta kimanin giram 80. A kan gaba akwai allo a tsaye mai nuna maki.

Mai wasa yakan jefa kuɗi, ya ja wata sanda mai sifirin da ke hannun dama, ya sake ta. Sandar sai ta harba ƙwallo zuwa ƙarshen filin, daga can ta riƙa gangarowa tana bugun turaku masu zoben roba da sauran abubuwan hari, kowane bugu da makinsa. A gindin filin akwai rami, wasu 'yan sanduna biyu masu kama da fukafukai suna gadinsa. Maɓalli biyu da ke gefen akwatin su ke ɗaga waɗannan fukafukai, su mayar da ƙwallo sama. In ta kuɓuce ta faɗa ramin, ta tafi ke nan. Tsofaffin akwatuna sukan ba da ƙwallo biyar a wasa ɗaya, na baya kuwa uku. Wanda ya kai wani adadi na maki yakan sami ƙarin ƙwallo ko wasa kyauta. An yarda a ɗan tunkuɗi akwatin don a karkata ƙwallo, amma wanda ya wuce gona da iri zai ga kalmar TILT ta haska, fukafukan su mutu, ƙwallo ta wuce yana ji yana gani.

Asalin wasan

Tushen finbol wani wasa ne da ake kira bagatel, wanda ya yi tashe a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. A kan teburi mai gangara ake yin sa, ana tura ƙwallo da sanda ta ratsa tsakanin ƙusoshi. Daga waɗannan ƙusoshi ne sunan finbol ya fito, domin haɗin kalmomin Turanci biyu ne masu nufin ƙusa da ƙwallo. A 1871 wani Baturen Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar sandar nan mai sifirin. A 1931, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, David Gottlieb na birnin Shikago ya fito da akwatin Baffle Ball, wanda ake wasa a kansa da senti ɗaya. Araha ta sa ya karɓu ƙwarai. A 1933 Harry Williams ya sa lantarki a akwatin da ya kira Contact, kuma shi ne ya ƙirƙiro na'urar kama masu girgiza akwati.

Sai dai duk waɗannan akwatuna ba su da fukafukai. Da mutum ya harba ƙwallo, nasa ido. Wasu ma har kuɗi suke biyan wanda ya ci. Don haka masu kiran wasan caca ba su yi ƙarya ba a wancan zamani. A watan Janairun 1942 magajin garin Niyok, Fiorello LaGuardia, ya sa 'yan sanda suka kwashe dubban akwatuna, aka farfasa da guduma, aka kai ƙarafunan masana'antun yaƙi. Biranen Shikago da Los Anjalis su ma sun haramta shi.

Al'amarin ya sauya a 1947, sa'ad da Harry Mabs na kamfanin Gottlieb ya ƙera akwatin Humpty Dumpty mai fukafukai shida. Shekara ɗaya bayan haka Steve Kordek ya rage su zuwa biyu, ya ajiye su a gindin fili. Wasan ya sake kama, amma dokar ta tsaya inda take.

Gangara da maganaɗisu

Abu na farko da ke ba mai wasa dama shi ne gangarar filin. Abin da aka saki daga tsawon mita ɗaya yakan iso ƙasa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, domin ƙarfin jan ƙasa yana ƙara masa gudun mita 9.8 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Filin finbol na zamani kuwa an karkata shi da kimanin digiri 6.5 kacal, saboda haka kusan kashi ɗaya cikin tara na wannan ƙarfi ne ke jan ƙwallo zuwa rami. Wani ɓangare na ƙarfin kuma yana tafiya wajen mirgina ta. Sakamakon haka, ƙwallon da aka saki ba tare da turi ba takan ɗauki fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta ci mita guda. Wannan jinkiri shi ke ba ido da yatsa lokacin shiri. Dabarar da Galileo ya yi ke nan a ƙarni na 17, da ya riƙa mirgina ƙwallo a kan katako mai gangara domin ya iya auna faɗuwar abubuwa.

Abu na biyu shi ne maganaɗisun lantarki. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai wayar tagulla da aka nannaɗe ta ɗaruruwan zagaye, da sandar ƙarfe a bakinta. Idan aka danna maɓalli, lantarki ya bi wayar, sai ta zama maganaɗisu ta fizgi sandar, sandar kuma ta ɗaga fiffike. A tsofaffin akwatuna naɗin biyu ne: mai ƙarfi na bugu, da mai rauni na riƙewa, don kada wayar ta ƙone in an daɗe ana danne. Da wannan ne gwani ke tare ƙwallo a kan fiffike, ta tsaya cik, ya zaɓi abin da zai hara. In ya bari ta gangaro bakin fiffiken kafin ya buga, sai ta tsallaka ɗaya gefen. In ya buga da wuri, ta miƙe sama.

Na'urar kama girgiza ita ma mai sauƙi ce. Gudan ƙarfe ne aka rataya cikin zobe, irin wanda magina ke gwada miƙewar bango da shi. In akwati ya motsa da yawa, gudan ya taɓa zoben, lantarki ya haɗu, hukunci ya hau.

Inda sa'a take

To, ina rabon sa'a? Turakun nan masu da'ira su ne mazauninta. Idan ƙwallo biyu suka doshi turke ɗaya da bambancin da bai kai kaurin gashi ba, za su rabu da shi ta kusurwoyi mabambanta kaɗan. A turke na biyu bambancin ya ninku, a na uku ya sake ninkuwa, har ya zamana bayan 'yan buge-buge babu mai iya cewa ga inda ƙwallo za ta ɓulla. Ba ta saɓa wa dokokin motsi na Newton ba ko sau ɗaya. Awonmu ne ya gaza. Irin wannan ne masanin yanayi Edward Lorenz ya bayyana a 1963, kuma shi ya sa hasashen yanayi na kwanaki masu nisa yake da wuya. Ashe gwanintar mai finbol ita ce rage lokacin da ƙwallo ke hannun turaku, da ƙara lokacin da take hannunsa.

Hukunci

Wannan Sharpe ya nuna wa 'yan majalisa. Da aka yi zargin ko an yi wa akwatin farko dabara, sai aka ce ya koma na biyu, mai suna Bank Shot. Ya yi ta faɗin abin da zai hara yana samu. Daga bisani ya nuna layin tsakiya da ke saman fili, ya ce nan ƙwallo za ta bi. Ya ja sanda ya saki, ta bi ta nan ɗin. Gani ya kori ji, aka ɗage haramcin a shekarar. Shi kansa daga baya ya amsa cewa akwai sa'a a wannan harbi. Ta fuskar kimiyya, harbi ɗaya ba ya zama hujja. Hujjar ita ce gwani yana rinjayar ɗan koyo in an yi wasa da yawa, abin da ba ya faruwa a caca ta tsantsar sa'a.

Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙananan kwamfutoci suka karɓi lissafin maki. Akwatin The Addams Family na 1992 an sayar da fiye da 20,000. Da yawa daga masu karatu kuwa a kwamfuta suka san wasan, ta hanyar Space Cadet da ke zuwa da Windows XP.

Malami na iya gwada wannan darasi a aji. A sami katako, a kafa ƙusoshi layi-layi a sassaɓe, a jingina shi, a jera gwangwanaye a gindinsa. A saki ƙwallon boris daga wuri ɗaya sau 100, ɗalibai suna rubuta inda ta faɗa. Babu wanda zai iya faɗin makomar saki ɗaya, amma za a tarar gwangwanayen tsakiya sun fi samu, na gefe kaɗan. Daga nan sai a tambayi ɗalibai: me ya sa abin da ba a iya hasashensa sau ɗaya yake da tsari in an maimaita shi sau ɗari?