Gwanin Tuƙi Ma Ba Ya Shiga Daji Shi Kaɗai

Akwai wata magana da ta ishe ni a bakin masu manyan motoci na garin nan na Zazzau, tun daga majalisun Ƙofar Doka har na Babban Dodo, kuma yanzu ta koma yawo a WhatsApp: wai fita daji cikin ayari aikin 'yan koyo ne. Wai wanda hannunsa ya faɗa, ya daɗe yana murza Hilux ko Land Cruiser, ba ya bin bayan kowa, ba ya jiran kowa. In ya bushi iska ranar Asabar sai ya cika tanki ya nausa, ya dawo da laka har gilashin gaba, a ɗauki hoto a watsa. Masu faɗin haka ba yara ba ne, magidanta ne masu iyali, shi ya sa abin ya fi ciwo, don yaran da ke zaune gefe suna sauraro gobe su ne za su karɓi makullin.

Abin da ake magana a kai ba ɓoyayye ba ne. Masu motocin da tayoyinsu huɗu duka ke ja, waɗanda direbobinmu ke cewa masu ogzilari, su haɗu a ƙarshen mako su bar kwalta, su bi burji da turbar shanu, ko don shaƙatawa, ko ziyarar gona, ko biki a wani ƙauye da damina ta yanke. A Amurka abin ya zama al'ada mai tsari: a garin Moab na jihar Utah, tun 1967 ake taron shekara-shekara na masu irin waɗannan motoci, kowace hanya da lambar da ke nuna tsananinta, kowane ayari da shugabansa a gaba da mai tsaron baya. A nan kuwa gindin dutsen Kufena ne, da bakin kogin Galma, da hanyoyin ƙauyukan Soba da Makarfi. Shi ke nan bayani, mu koma ga maganar da ta kawo mu.

Alhaji, gwanintarka a hannu take da ido, kuma ba mai musun ta. Ka san lokacin sa ƙaramar giya, ka san yadda ake bi da sitiyari a santsi. To amma faɗa mini, wace gwaninta ce ke hana famfon mai mutuwa? Wane iya tuƙi ne ke ɗinke tiyon lagireto idan ya fashe kilomita talatin daga kwalta, inda waya ba sabis? Abubuwan da ke tsayar da mota a daji yawancinsu ba ruwansu da wanda ke bayan sitiyari: ƙarfe ne ya gaji, kututture ne ya yaga taya ta biyu bayan an riga an sa safaya, batir ne ya ƙi. Kuma mota mai nauyin tan biyu idan cikinta ya zauna a kan laka, tayoyi huɗun nan sai dai su yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami. Ba abin da ke fitar da ita da sauri kamar wata motar da ke tsaye a kan busasshiyar ƙasa da igiya.

Wani abu kuma da ba a son ji: gwani ya fi ɗan koyo kusa da wannan masifa. Ɗan koyo tsoro ke tsare shi, da ya ga fadama sai ya juya. Gwani shi ne mai cewa na taɓa wuce wadda ta fi wannan. Don haka ɗan koyo yakan kafe a bakin hanya inda masu babur za su gan shi, gwani kuwa sai ya yi nisan da ba mai jin kiransa tukuna ya kafe.

Ku dubi waɗanda tuƙin sahara ya zame musu sana'a, mutanen da ko kusa ba ma kama ƙafarsu. Direbobin Agadas masu nufar Dirku da iyakar Libiya sun shekara suna tashi ranar Litinin cikin ayari, da rakiyar soja. Su da suka san kowane tudun yashi, me ya hana su tafiya ɗai-ɗai? Sun san abin da saharar Tenere ke yi wa mota guda. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, da yawa suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi su kaɗai, aka yi ta tsintar gawarwaki, kafin a soke dokar a Nuwamban 2023. Tun kafin nan ma, a Oktoban 2013, an tsinci gawa 92 a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da ƙananan yara, da yawansu Hausawa 'yan'uwanmu daga yankin Kantche. Motocinsu ne suka lalace nesa da hanyar da mutane ke bi, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu. Ba cewa nake dajin Zazzau sahara ne ba. Cewa nake lalacewar mota abu ne ƙarami a inda ake da abokin tafiya, a inda babu kuwa tana iya zama ajali.

Turawan da muke kwaikwayo ma sun ɗanɗana. A tseren Faris zuwa Dakar na Janairun 1982, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a saharar Aljeriya cikin Peugeot 504. Wadda ke tuƙa motar, Anne-Charlotte Verney, ƙwararriyar 'yar tsere ce, kuma da makanike a cikin motar. Sun tsaya gyara ne, suka rabu da sauran motoci, sai da jirgin sojan Aljeriya ya hango su daga sama. Shi kansa Thierry Sabine da ya ƙirƙiro tseren, ɓacewa ya yi a kan babur a sahara a 1977, aka ceto shi da ƙyar.

Ba ma sai mun je nesa ba. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda suka yi watanni a hanya da jakuna, akwai wanda ya fi su sanin daji? Amma ba su taɓa ɗaukar ayari a matsayin gazawa ba. Madugu shi ne gwanin gwanaye, kuma a tsakiyar jama'a yake nuna gwanintarsa, jagaba na gaba yana duba hanya da zango. Wanda ya ware daga ayari ba a kiransa jarumi, ana dai jajanta wa iyalinsa.

Na san abin da ke damun gwanayen, kuma suna da gaskiya a ciki. Ayari na da jinkiri. An ce ƙarfe bakwai, wani sai tara zai zo, bai ma sha mai ba. Wani ya ari motar babansa bai san inda ake sa ogzilari ba. Kai da ka fito don ka more, sai ka wuni kana jan mutane daga taɓo. Haka ne. Amma maganin wannan zaɓen abokan tafiya ne da raba hanya gwargwadon iyawa, kamar yadda mutanen Moab suke yi: ranar 'yan koyo daban, hanya mai sauƙi, ranar manya daban. Gwani uku da suka san hannun juna za su shiga wurin da ɗayansu shi kaɗai ba zai yi gigin shiga ba in yana da hankali. Ashe ke nan ayari ƙara wa gwani fili yake yi.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya ce duk jerin gwanon motoci ayari ne. Wanda ba shi da shugaba ya fi tafiyar kaɗaici haɗari, don a nan ne ake tsere, a nan ne ake gasar wa zai tsallake rafi a guje saboda masu ɗaukar bidiyo. Wannan wasan motar da muke kuka da shi a bukukuwan aure ne aka ɗauka aka kai daji. 

To ga yadda ake yi, ga mai son yi.

Tun daren Juma'a a tsayar da madugu, mutum ɗaya wanda in ya ce a juya, an juya, ko da Alhaji mai motar da ta fi tsada bai so ba. Wanda ya fi kowa iyawa bayan madugu shi ke zama a baya da igiya da kayan gyara. Motoci kada su gaza uku, don in ɗaya ta kafe ta biyu ta kafe wurin janta, akwai ta zuwa neman taimako. Kada kuma su wuce biyar ko shida. Kowane direba alhakin motar da ke bayansa na wuyansa: in ka duba madubi ba ka gan ta ba, tsaya, kuma a duk mararraba jira har na baya ya ga inda ka karya. Da rani a ba da tazara sosai saboda ƙura, ga yara da dabbobi da masu keke a kan turba ɗaya da ku.

Maganar tsaro ta fi komai, kuma ba a wasa da ita. Yankin Giwa da Birnin Gwari sun sha fama da 'yan bindiga, har gwamnatin Kaduna ta toshe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi a 2021, kuma a Yunin shekarar aka kai hari kwalejin Nuhu Bamalli da ke bakin garin nan. Jerin motoci masu ƙyalli abu ne da ake hangowa daga nesa. Wurin da mazauna yankin suka ce kada a shiga, ba a shiga, komai yawanku. A sanar da dagaci ko mai unguwa kafin a iso, a ɗauki ɗan gari a motar gaba, don da ɗan gari akan ci gari. A bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin dawowa. Hoto da bidiyo a riƙe su sai an kwana a gida, kada ka sanar da duniya inda kake tun kana can. Kuma a lissafa tafiya yadda sallar la'asar za ta same ku a kan kwalta.

Kowace mota ta riƙe safaya mai rai, da jak da guntun katako na ɗora shi a laka, da shebur, da famfon iska, da ruwan sha mai yawa, da akwatin magani. A yashin bakin kogi a rage iskar taya don ta baje, a mayar da ita kafin a hau kwalta, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe. Motocin da ake sa musu ogzilari da hannu, a cire shi da an hau busasshiyar kwalta, barinsa na cin giya da ƙafafun mota. Kuma a tuna, tayoyi huɗu na taimakawa wurin tashi ne kawai. Wurin tsayawa birkinka ɗaya da na mai ƙaramar mota, ga nauyi, ga tsawo da ke sa ta kifewa a kwana.

Ruwa kuma, a watan Agusta da rafuka ke cika, shi ne babban mai cin gwanaye. Kada ka sa mota a ruwan da ba ka taka da ƙafa ko ka auna da sanda ba. In ba za ka iya tsayuwa a cikinsa ba saboda gudu, motarka ma ba za ta iya ba. Hukumar yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu na ƙafa biyu, wato kamar santimita 60, ya isa ya tafi da babbar mota. Inji kuwa in ya zuƙi ruwa ta hanyar iska ya mutu, kada ka sake murza makulli, a ja motar zuwa tudu. A tsallaka ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramar giya, ba gudu ba tsayawa, a sauke gilashi.

Wurin jan mota da ta kafe ne ake jikkata, don nan ne kowa ke zama injiniya. Mutum ɗaya ke ba da umarni. Ba a ɗaura igiya a bamba ko a ƙwallon jan tirela, yana iya ɓallewa ya taho kamar harsashi. A wurin da masu ƙera motar suka tanada ake ɗaurawa. Ba a fizgar sarƙa. 'Yan kallo, musamman yaran ƙauye da kan taru, a kore su nesa fiye da tsawon igiyar. Sau da yawa ma minti goma da shebur ya fi totur amfani.

Saura haƙƙin mutane, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Gonar masara da ta rake ba filin wasa ba ce. Hanyar ƙauye da motoci biyar suka kwaɓa da damina, ku kun koma birni, amma mai amalanke da mai ɗauko mace mai naƙuda a babur su za su yi wata uku suna fama da ramukan da kuka bari. In kun ɓata, ku biya, ku ba da haƙuri. Ragowar ganuwar Zazzau da ruwa da masu ɗibar ƙasa suka bar mana, ba tudun gwada giya ba ce. Lungunan cikin birni kuwa, irin na Kwarbai da Limancin Kona, tun kafin zuwan mota aka yanka su, yara na fitowa daga zaure kai tsaye zuwa kan hanya. A yi mahaɗa a wajen ƙofa, a dawo a watse a wajen ƙofa.

Ina roƙon manyan direbobin garin nan, waɗanda yara ke kallo, da masu gareji da ke gyara musu motoci: ku daina yi wa ayari dariya a majalisa. Wanda ya iya, ya karɓi madugantaka, ya tara mutum uku ko huɗu da ya yarda da su, ya koya wa na baya yadda ake ɗaura igiya da auna ruwa. Wanda kuma bai sami abokan tafiya ba wannan Asabar ɗin, ya haƙura sai wata.